Ɓarawon da aka kama sau 335

Wata Talata, a ajin da nake koyar da lissafi a ƙaramar sakandare a nan Maamobi, na rubuta lambobi biyu a allo: 1,406 da 335. Na juyo na ce wa yara, "Wani mutum ne ya yi sata sau 1,406 ya sha, sau 335 kuma aka kama shi. Ku gaya mini, gwani ne ko wawa?"

Aji ya kaure. Wani daga baya ya ce, "Masta, yana Nsawam yanzu ko?" Wata yarinya ta ce in dai a kasuwar Nima ne ranar Laraba, ai kamu ɗaya ya ishe shi, ba zai ga na biyu ba. Sai da dariya ta lafa na gaya musu mutumin bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, kuma saboda wannan satar aka karrama shi a Amurka. Sunansa Rickey Henderson, ɗan wasan besbol ne, ya rasu ranar 20 ga Disamba, 2024, saura kwana biyar ya cika shekara 66.

Kafin wani Alhaji ya ajiye waya ya ce malamin boko ya fara koya wa 'ya'yanmu sata, bari in yi bayani. Mu mutanen Nima da Maamobi mun san nauyin wannan kalmar fiye da kowa. Mun san irin kallon da ake yi wa yaro a wasu unguwannin Accra in ya faɗi inda ya fito. Ba da wasa na ɗauko ta ba. Haka masu wasan suka raɗa wa abin suna, kuma abu ne da dokar wasan ta yarda da shi, a gaban alƙalin wasa da dubban 'yan kallo ake yin sa. Abin da ya sa na kawo shi aji, kuma na kawo shi nan, shi ne waɗannan lambobi biyu. Ina ganin mu a Zango mun saba karanta ɗaya mu bar ɗaya, kuma yaranmu ne ke biyan kuɗin wannan rabin karatun.

Na san yawancinmu ba mu taɓa kallon besbol ba. Ni ma a kwalejin horon malamai na fara riƙe ƙwallonsa, da wani malamin motsa jiki ya shigo da safar hannu ta fata guda uku ya ce mu gwada. Akwai masu buga shi a ƙasar nan, har da fili a sakandaren Labone da Japanawa suka taimaka aka yi, amma dai ba wasanmu ba ne. Wanda ya buga caskele yana yaro, da gwangwanin madara da sanda, ya riga ya fahimci rabinsa: wani ya jefo, wani ya doka da gora, sai gudu. Sauran rabin kuwa Bahaushe zai fi kowa saurin ganewa, don fatauci ne sak. Akwai gida, akwai zango uku a tsakani, an jera su kusurwa huɗu, tsakanin kowane biyu ƙafa 90, wato kusan mita 27. Ka doka ƙwallo, ka ruga zangon farko ka tsaya. Muddin ƙafarka na kan zango ba mai taɓa ka. Maki ba ya shiga sai ka zaga zango uku ka dawo gida. In aka fitar da mutum uku daga ɓangarenku, damarku ta wuce, sai abokan hamayya su karɓi gora.

A ƙa'ida, wanda ke tsaye a zango yana jiran ɗan uwansa ya doka ƙwallo ne kafin ya ci gaba. To satar zango ita ce ka ƙi jira. Mai jifa na ɗaga hannu zai jefa ƙwallo ga mai gora, kai kuma ka kwasa da gudu zuwa zango na gaba. Mai cafewa, wanda ke tsugune a bayan mai gora, zai cafe ya wurgo wa mai gadin zangon. In ƙwallo ta riga ka aka taɓa ka da ita, an kama ka, ka fita, ka kuma ƙona wa ƙungiyarku ɗaya daga cikin damarta uku. In ka riga ta, ka matso da maki kusa ba tare da an doka komai ba. Daga lokacin da mai jifa ya fara motsi zuwa isar ƙwallo ga mai cafewa kamar sakan 1.3 ne, daga mai cafewa zuwa zango na biyu kamar sakan 2. Wato abin da kake da shi bai wuce sakan uku da 'yan kai ba. Ƙifta ido a makare, an gama da kai.

Henderson ya yi wannan sau 1,406 a cikin kakar wasa 25, daga 1979 zuwa 2003. Wanda ke bi masa a tarihin babbar gasar Amurka, Lou Brock, yana da 938. Ku ga tazarar: 468 ne tsakaninsu, kusan rabin abin da Brock ya tara a duk rayuwarsa. Ranar 1 ga Mayu, 1991 ya wuce Brock, ya tumɓuke zango na uku daga ƙasa ya ɗaga sama, sannan ya karɓi makirufo ya ce yau shi ne gwanin gwanaye, Brock na tsaye a gefensa. An daɗe ana yi masa tsiya kan wannan, ni ma da ɗalibina ne da na ja masa kunne, amma ƙarya dai bai yi ba. A 1993 ya wuce Yutaka Fukumoto na Japan mai 1,065, ya zama ba na biyunsa a duniya. A 1998, yana da shekara 39, shekarun da 'yan ƙwallonmu sun daɗe da komawa koci ko sharhi a rediyo, ya saci zango 66, ya fi kowa a gasar.

Wannan ita ce lambar da kowa ke faɗa. Ga wadda ba a cika faɗa ba: a duk tarihin gasar, babu wanda aka kama sau da yawa kamarsa. Sau 335. Shi ne na ɗaya a sha, shi ne na ɗaya a kamu. Sau 335 ya tashi daga ƙasa, riga duk ƙura, ya taka ya bar fili mutane na kallonsa, wasu na yi masa ihu.

Na sa yara su haɗa biyun su raba. Gwaji 1,741, nasara 1,406, ya ba mu kusan kashi 81 cikin 100. Daga nan aji ya fara daɗi, don na ba su shekaru biyu su kwatanta. A 1982 ya saci 130, abin da har yau ba wanda ya kai a kaka ɗaya a zamanin nan, amma an kama shi sau 42. A 1983 ya saci 108, aka kama shi sau 19. Na ce wace shekara ya fi? Duk aji suka ce 1982, ai 130 ta fi 108, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Na ce ku raba tukuna. Na farko ya fito kashi 76, na biyu kashi 85. Masu nazarin wasan sun daɗe da lissafa cewa kamu ɗaya yana cin ribar sata biyu zuwa uku, don haka in mutum ba ya shan aƙalla sau bakwai cikin goma, gara ya tsaya a zangonsa, ɓarna yake wa ƙungiya. Kun ga ashe shekarar da ta fi yi masa suna, da kaɗan ya haye layin riba. Shekarar da ya rage gudu ya ƙara lura, ita ce ta fi amfani. Zuwa 1985 a New York ya saci 80, kamu 10 kacal.

Wani yaro da ba ya yawan magana ya ɗaga hannu ya ce, "Masta, ke nan ya je ya duba inda ake kama shi." Wallahi da ina da sidi goma a aljihu ranar da na ba shi.

To haka ne. Mutumin bai ji kunyar 42 ɗin nan har ya daina gudu ba, bai kuma yi kamar babu ita ba. An san shi da zura wa masu jifa ido, yana karanta kafaɗa da gwiwa da diddige, don ya gane ko gida za a jefa ko zango za a juyo a kama shi. Gudu kyauta ce daga Allah, akwai waɗanda suka kai shi gudu a zamaninsa. Karatun ne nasa.

Akwai kuma lamba ta uku da ta fi burge ni, don ita ce ba ta da ƙyalli ko kaɗan. Ba a satar zango na biyu sai an isa na farko, kuma ba wanda ke satar na farko. Ko ka doka ƙwallo da kyau, ko kuma ka yi haƙuri: in mai jifa ya jefo ƙwallo huɗu a karkace kai kuma ka kame hannunka ba ka kai musu duka ba, sai a ba ka zangon farko kyauta, ka taka a hankali ka je. Henderson ya samu wannan kyautar sau 2,190. Yakan duƙa ne sosai har wurin da mai jifa zai saita ya zama ɗan mitsitsi, ya bar shi ya yi ta kuskure. Mutumin da duniya ta sani da gaggawa, da haƙuri ya fara kowace tafiya. Kuma duk wannan, sata da haƙuri da duka 3,055 da ya yi, hanya ce kawai. Inda ake so a je gida ne. Ya dawo gida da maki sau 2,295, nan ma ba wanda ya kai shi har yau.

Yanzu mu dawo Nima, don na san tun ɗazu wasu na cewa ina ruwanmu da wasan Amurkawa.

Muna da namu ai. Mohammed Kudus, haifaffen nan a shekarar 2000, daga Strong Tower zuwa makarantar Right to Dream, zuwa Nordsjaelland a Denmark a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023, Tottenham a 2025 kan kuɗi kusan fam miliyan 55. Wanda yake Nima ranar 28 ga Nuwamba, 2022, da ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a Qatar, ba zai manta yadda titi ya cika ba. Ni kaina na rasa takalmi ɗaya ranar. Kuma abin da aka fi sanin Kudus da shi ɗan uwan satar zango ne: yanka. Maimakon ya miƙa wa na kusa da shi ya huta, sai ya tunkari mutum ido da ido. In ya wuce, fili ya buɗe. In aka ƙwace, kowa ya ga wanda ya zubar. A kakar 2023 zuwa 2024 ya yi yanka mai nasara sama da 120 a gasar Firimiya, ya fi kowa. Wannan lambar ta zaga duk wani guruf na WhatsApp a unguwar nan, ni kaina sau nawa aka turo mini. Shafukan da ke buga ta suna da wani layi a gefenta, na sau nawa aka tare shi, amma ban ga wanda ya turo wannan ba. Haka nan ƙwallo 8 da ya ci a gasar a kakarsa ta farko kowa ya haddace, 5 na kaka ta biyu da jan katin da ya jawo masa dakatarwar wasa biyar a ƙarshen 2024, sai a yi shiru kamar faɗarsu cin amana ne. Ba cin amana ba ne. Yaron da ke son zama Kudus ya fi buƙatar sanin waɗannan, don su ne za su fara samunsa.

Samarinmu layin nasara kawai suke karantawa. Miliyan 55. Mota. Hoton da aka zana a bango. Na koyar da wani yaro, ƙafar hagu kamar an zana, saura wata huɗu ya rubuta BECE wani dillali ya zo ya ce akwai gwaji a ƙasar waje. Mahaifiyarsa mai sayar da koko da ƙosai ce. Ta fasa adashinta, ta ci bashi a kai. Na je har gida na ce, "Mma, ki bari ya rubuta jarrabawa tukuna, wata huɗu ne." Ta ce, "Masta, in dama ta wuce fa?" Na tambayi dillalin yara nawa ya kai, ya lissafo mini sunaye uku. Na ce to nawa suka dawo hannu rabbana? Sai ya ce ni ɗan baƙin ciki ne. Yaron ya dawo bayan wata bakwai, ba ƙungiya, ba takarda. Yanzu yana taya wani gyaran babur, yana gaishe ni da ladabi, ni kuma in na gan shi sai in ji kamar ban matsa yadda ya kamata ba. Tambayar da na yi wa dillalin nan ita ce dai ta allo: 1,406 ne, to ina 335? Duk wanda ya kawo maka layi ɗaya ya hana ka ganin na biyu, akwai abin da yake sayar maka.

Amma kada iyaye da malamai mu yi saurin gyaɗa kai, don namu laifin ya fi tsufa. Mu layin kamu kawai muke karantawa. Yaro ya gwada abu goma ya yi takwas, biyun da ya faɗi su za a yi ta maimaita masa har ya yi aure. A fili ma haka ne. Je ka Kawukudi ranar Asabar ka tsaya kusa da wasu kococin yara. Yaro ya yanke mutum uku, shiru. A na huɗu a ƙwace, sai ihu, "Ba da ƙwallo! Kai wa kake tsammani kai ne?" Wani har da dundu. Bayan wata shida yaron ya koyi darasi: ƙwallo na zuwa ƙafarsa yake jefar da ita kamar garwashi. Ba ya kuskure kuma. Ba ya komai kuma.

Ni ma na yi, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Shekaruna na farko a aji, jan biro ne makamina. Akwai wata yarinya da ke ɗaga hannu a kowace tambaya, wani lokaci tun ban gama tambayar ba. Tana yin daidai da yawa, tana kuskure da yawa. Wata rana na gaji, ta ba da amsar da ba ita ba, na ce a gaban aji, "Ke kullum hannu a sama, kai kuma babu komai." Aka yi dariya. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu ba har ta gama. A littafina ta zama yarinyar kirki, ba ta da kuskure ko ɗaya, daidai da mutum ashirin da ke zaune a baya waɗanda ba su taɓa buɗe baki ba. Wanda bai taɓa ɗaga ƙafa daga zango ba ai ba a taɓa kama shi ba, kuma irin lissafin da nake yi a lokacin shi yake ba lambar yabo.

Abin da ya ƙara sa ni jin kunya shi ne labarin da Henderson da kansa ya bayar ranar da aka shigar da shi zauren gwanayen wasan a 2009. Yana sakandare a Oakland ƙwallon Amurka mai karo da kafaɗa ya fi so, mahaifiyarsa ce ta fi son besbol don kada a karya mata ɗa. Sai wata malama mai ba ɗalibai shawara ta yi masa tayi: duk duka mai kyau, duk maki, duk satar zango, za ta ba shi kwata ɗin dala, wato santi 25. Da 'yan canjin malamar makaranta aka fara tara 1,406. Ita ta biya yaro don ya gwada. Ni na biya tawa ɗalibar da dariyar aji don ta daina.

Yanzu a rajistata layi biyu nake ja wa kowane ɗalibi: sau nawa ya gwada, sau nawa ya dace. Ƙarshen wata kowa ya raba nasa da kansa. Mai gwaji 30 da nasara 12 mukan zauna mu duba inda ake kama shi, galibi gaggawa ce, bai gama jin tambaya ba. Mai gwaji 2 da nasara 2 ba na ce masa ya ci ɗari bisa ɗari, nakan ce ina sauran? Ba zan ce abin ya mai da ajina aljanna ba. Akwai masu ɗaga hannu don kawai a cika musu layin farko, yara ne, duk dokar da ka kafa sai sun nemo ƙofar baya. Amma hannuwa sun ƙaru, kuma sun koyi kashi cikin ɗari ba tare da na zana musu lemu da mangwaro ba.

Sai dai duk wannan magana tana buƙatar abu ɗaya da ba mu da shi a unguwa: wanda zai rubuta. Dalilin da ya sa ni, malami a Maamobi, zan iya gaya muku sau nawa aka kama wani mutum a Oakland a 1982, shi ne akwai wanda ya zauna da fensir a kowane wasa ya rubuta. Amurkawa suna wannan tun ƙarni na 19. Kuma su ma sun ga abin da rashin rubutu ke jawowa. Kafin Jackie Robinson ya shiga babbar gasar a 1947, baƙaƙen fata a nasu gasar daban suke wasa, don an hana su shiga ta Turawa. Cikinsu akwai Cool Papa Bell, wanda waɗanda suka gan shi suka ce ba a yi mai gudunsa ba, amma yawancin abin da ya rage game da gudun nasa labaran baka ne, don wasanni da yawa ba a rubuta su cikakke ba. Sai a watan Mayun 2024 aka shigar da alƙaluman waccan gasar cikin kundin babbar gasa, bayan masu bincike sun shafe shekaru suna tono tsofaffin jaridu. Rana ɗaya Josh Gibson, wanda ya rasu tun 1947, ya hau kan Ty Cobb ya zama na ɗaya a iya duka. Wasan da aka samu takardarsa ya shiga. Wanda ba a samu ba, ya tafi ke nan.

Wannan labarin ya taɓa ni a matsayina na ɗan Zango. Mu ma mutanen labarin baka ne. Zauna a kowace majalisar shayi a Nima, za a ba ka sunan wani da ya fi Kudus, wanda da ya samu hanya da yanzu ana wata maganar. Wataƙila gaskiya ne. To ina takarda? Ƙungiyoyin yaran da na sani, koci na iya gaya maka wanda ya ci ƙwallo a gala ta bara, amma wasa nawa yaro ya buga, minti nawa, sau nawa ya ba da aka ci, duk a ka suke, kai kuma yana da son zuciya. Ranar da mai neman 'yan wasa na gaskiya ya zo, ba abin da za a miƙa masa sai rantsuwa. Ranar da na ƙarya ya zo, uwa ba ta da abin da za ta auna maganarsa da shi.

Na san abin da wasu za su ce, don wani abokina limami ya riga ya faɗa mini, kuma maganarsa tana da nauyi. Ya ce, "Malam, samarin nan ai sun fi ka sanin alƙaluma. Je ka shagon caca ka gani. Sun san kusurwa nawa wata ƙungiya a Turkiyya ke samu a rabin lokaci na biyu. Kai kuma za ka ƙara musu?" Gaskiya ne, na gani da idona, har da waɗanda suka faɗi lissafi a hannuna. Amma ina ganin wannan hujjata ce, ba tasa ba. Ɗan caca shi ne sarkin masu karanta layi ɗaya. Zai gaya maka ranar da ya ci sidi dubu biyu, da kwanan wata da sunan ƙungiya. Tambaye shi nawa ya zuba tun farkon shekara, sai ya fara sosa ƙeya. Kamfanin ne kaɗai ke riƙe da layi biyun, shi ya sa kamfanin ke gina sabon shago shi kuma yana cin bashin kati. Haramcin caca malamai sun faɗa, suna kan faɗa. Abin da ni zan iya ƙarawa daga aji shi ne yaron da ya saba tun yana shekara 13 ya tambayi "cikin gwaji nawa?" zai yi wuyar shiga hannu.

Wani kuma zai ce arziki na Allah ne, ba a lissafa shi. Haka ne. Amma Hajiyar da ke faɗa mini haka tana da littafin bashi a ƙarƙashin teburin waakye ɗinta, ta san wanda ya ci bai biya ba tun azumin bara. Kakanninmu da suka kafa zangon nan da fataucin goro sun san ƙwarya nawa suka ɗauko, nawa ta lalace a hanya. Ba baƙon abu nake kawowa ba. A wasa da tarbiyya ne kawai muka ajiye lissafi muka koma ihu.

Abin da nake roƙo ƙarami ne, bai kai kuɗin ƙwallo ɗaya ba. Kowace ƙungiyar yara a Nima da Maamobi da New Town ta samu littafin eksasais ɗaya da ɗalibi ɗaya mai riƙe shi. Malaman lissafi mu ba da ɗaliban, mu duba aikin ranar Litinin, mu sa shi cikin makin aji. Kococi su yarda a rubuta har abin da ba su so, har da minti nawa ɗan mai ba ƙungiya kuɗi ya buga. A nan ne za a yi rigima, na sani. Kuma a ba 'yan mata wannan aikin su ma, don a gwajin da na yi sun fi maza rashin son kai, ba ruwansu da wane ne abokin wane.

Mun fara da ƙungiya ɗaya, wasa huɗu zuwa yanzu. Yarinyar da ta ce kamu ɗaya ya isa a kasuwar Nima ita ke riƙe da littafin, tana zama a kan benci da hijabinta da fensir biyu. Asabar da ta wuce ɗan wasan da kowa ke yi wa kirari ya zo bayan an tashi yana haƙi, ya ce ta gaya masa nasa. Ta ce ya gwada yanka 11, ya wuce sau 4. Ya ce ƙarya ne, ta ƙara dubawa. Ta juya masa littafin, ga su nan a jere da mintin kowanne, biyar daga cikin bakwai ɗin da aka ƙwace duk ta gefen dama ne, duk bayan an dawo hutun rabin lokaci. Ya tsaya yana kallo, bai ce komai ba. Kocin ya leƙo ta kafaɗarsa, shi ma ya yi shiru, sannan ya tambaye ta ko za ta zo wasan ranar Laraba. Ta ce sai in Masta ya yarda, don tana da darasi har ƙarfe uku.